Bitar Shafin Cibiyar Pew: Me Yake Iya Faɗa Mana Kan Matasan Amurka da Zuwa Wurin Ibada?

Duk wanda ke bibiyar muhawarar da ake yi a kan matasa da addini ya san yadda ake jefa alƙaluma ba tare da an faɗi inda aka samo su ba. Yau a ce matasan ƙasashen Yamma sun juya wa wuraren ibada baya gaba ɗaya, gobe kuma a ce ai sun dawo har majami'u ba sa ɗaukarsu. Idan aka bi sawun alƙaluman da suka shafi Amurka, mafi yawansu suna komawa wuri guda, wato shafin intanet na cibiyar bincike ta Pew da ke birnin Washinton. Wannan rubutu bita ce ta shafin a matsayin hidimar da ake yi wa mai karatu, kuma na taƙaita ta ga tambaya ɗaya: idan malami ko ɗan jarida ko uba yana son ya san yadda ra'ayin 'yan shekara 13 zuwa 17 yake game da addini, da yadda zuwansu wurin ibada ke sauyawa, shin wannan shafi zai biya masa buƙata? Amsata ita ce zai biya masa rabin buƙatar fiye da duk wani wuri na kyauta da na sani, amma ɗaya rabin, wato batun sauyi daga shekara zuwa shekara, sai ya haɗa da nasa ƙoƙarin.

Cibiyar ta samo asali ne a 1990 a ƙarƙashin kamfanin jaridu na Times Mirror, gidauniyar Pew ta karɓi ɗaukar nauyinta a 1996, sannan a 2004 aka haɗa ayyukan binciken wuri guda da sunan da aka san ta da shi yanzu. Ba ta sayar da sakamakon bincikenta, kuma ƙa'idarta ita ce ba ta ba gwamnati ko wata ƙungiya shawarar abin da ya kamata a yi. Wannan yana da muhimmanci a fagen addini, domin yawancin masu binciken matasa da ibada ko dai ƙungiyoyin wa'azi ne da ke son nuna cewa aikinsu yana ci, ko kuma masu son nuna cewa addini yana kan hanyar gushewa. Karanta rahotanni kyauta ne, babu tallace-tallacen da ke tare wa mutum rubutu, kuma wanda yake son ainihin bayanan da aka tattara yana iya buɗe asusu ba tare da biyan ko kwabo ba ya sauke su.

Tsarin kowane rahoto iri ɗaya ne, kuma tsari ne da ya cancanci yabo. Shafin farko yana ɗauke da taƙaitaccen bayani tare da zane-zanen alƙaluma, kusa da samansa kuma akwai wani ɗan sashe da ke bayyana yadda aka gudanar da binciken, wato mutum nawa aka tambaya, a wane lokaci, ta wace hanya. A ƙarƙashin kowane zane akwai ƙananan rubutu da ke nuna ranakun binciken da kuma waɗanda ba a sa a lissafi ba, misali waɗanda suka ƙi amsawa. Daga nan sai babi-babi, sai bayanin hanyar bincike tare da tazarar kuskure ta kowane rukuni, sai kuma takardar tambayoyin kanta, kalma bayan kalma, yadda aka gabatar da ita ga waɗanda aka tambaya. Wannan takarda ta ƙarshe ita ce mafi daraja a wurina, kuma ita ce mafi yawan masu kwafar alƙaluma ba sa buɗewa.

Ginshiƙin abin da shafin ya mallaka a kan wannan batu shi ne rahoton watan Satumba na 2020, wanda aka gina a kan binciken da aka yi a watannin Maris da Afrilu na 2019. An tambayi matasa 1,811 'yan shekara 13 zuwa 17, kuma aka tambayi ɗaya daga cikin iyayen kowannensu, uwa ko uba. Wannan dabara ta haɗa ɗa da mahaifi ita ce ta bambanta binciken da takwarorinsa, domin ta ba da damar a kwatanta amsar yaro da ta wanda ya haife shi a gida ɗaya, maimakon a kwatanta matasan ƙasa baki ɗaya da manyan ƙasa baki ɗaya. Sakamakon farko da ke jan ido shi ne cewa kashi 44 cikin 100 na matasan sun ce suna zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a wata, iyayensu kuma kashi 43. Wanda ya tsaya a nan zai ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma rahoton ya ba shi ƙarin hujja: kashi 81 na iyaye 'yan Katolika 'ya'yansu Katolika ne, kashi 80 na iyaye mabiya majami'un Ibanjelika, wato Furotesta masu tsananin riƙo da Littafi Mai Tsarki da wa'azi, 'ya'yansu suna kan tafarkin, haka nan kashi 86 na iyayen da ba su jingina kansu ga kowane addini ba 'ya'yansu ma ba su da addini. Tsofaffin majami'un Furotesta waɗanda ba na Ibanjelika ba su ne kaɗai suka gaza a wannan ma'auni, inda kashi 55 kacal na iyaye ke da ɗa mai bin ɗariƙarsu.

Amma wanda ya ci gaba da karatu zai ga cewa daidaiton ya tsaya ne a bakin ƙofar majami'a. Da aka tambayi muhimmancin addini a rayuwa, kashi 43 na iyaye sun ce yana da matuƙar muhimmanci, matasa kuwa kashi 24. Da aka zo kan addu'a kullum, iyaye kashi 48 ne, matasa kashi 27. Kashi 85 na matasan sun yarda akwai Allah ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam, amma waɗanda suka ce suna da cikakken yaƙini kashi 40 ne, alhali a cikin iyayensu kashi 63 ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na matasan, wato kashi 32, sun ce ba su da wani addini, idan aka kwatanta da kashi 24 na iyaye. Ma'ana dai, a duk abin da ke faruwa a cikin zuciya ko a ɗaki ba tare da idon kowa ba akwai tazara mai faɗi tsakanin yara da iyaye, sai a wurin da ake tafiya tare ne kawai tazarar ta ɓace.

Inda masu tsara binciken suka nuna ƙwarewa shi ne da ba su bar mai karatu ya yi ta hasashen dalili ba, sai suka tambayi yaran kai tsaye da wa suke zuwa, kuma don me suke zuwa. Kashi 40 suna zuwa tare da iyaye biyu, kashi 25 tare da ɗaya daga ciki, kashi 7 tare da wasu 'yan uwa ko abokai, waɗanda ke zuwa su kaɗai kuwa kashi 1 ne tak. Game da dalili, kashi 38 sun ce babban abin da ke kai su shi ne iyayensu suna son su je, kashi 35 kuma sun ce su ne da kansu suke so. A ganina waɗannan tambayoyi biyu sun fi duk sauran rahoton amfani, domin sun nuna cewa adadin matasan da ake gani a wurin ibada ba ma'aunin imanin matasan ba ne kai tsaye. Kusan rabinsa ma'aunin tsarin gida ne da ikon da iyaye ke da shi a kan ɗan da bai bar gabansu ba. A ƙasar da yawancin iyalai ke zuwa coci a mota, yaro ɗan shekara 14 ba shi da yawan zaɓi a safiyar Lahadi, ko ya so zuwa ko ya so zama. Rahoton ya kuma nuna cewa idan iyaye suka yi kuskure wajen kimanta muhimmancin addini a wurin ɗansu, sun fi yin kuskuren ta wajen zaton ya fi riƙo da addini fiye da yadda shi yake faɗa, kuma wannan gargaɗi ne ga duk binciken da ke tambayar iyaye kaɗai a madadin 'ya'yansu.

Bai kamata a karanta wannan a matsayin cewa yaran suna ƙin abin da ake yi a gida ba. Kashi 48 sun ce aƙidarsu iri ɗaya ce da ta mahaifinsu a komai, kashi 59 suna tattauna addini da iyalinsu a kai a kai ko jefi-jefi, kuma mafi yawan waɗanda ke yin wani abu na addini tare da iyali sun ce suna jin daɗinsa. Abin da ya sauya shi ne irin kallon da suke yi wa addinin: kashi 45 suna ganin addinai da yawa na iya zama gaskiya, kashi 31 ne suka ce addini ɗaya ne kaɗai gaskiya, kuma kashi 61 suna ganin ba sai mutum ya yi imani da Allah ba kafin ya zama mai ɗabi'ar kirki. Pew ta kawo waɗannan alƙaluma ba tare da ta yi murna ko ta yi jimami ba, kuma mai karatun da ke da tsayayyar aƙida zai iya jin wannan sanyi kamar rashin damuwa, amma shi ne ya sa limami da fasto da wanda bai yarda da addini ba duk za su iya ɗaukar rahoto ɗaya su yi aiki da shi.

Akwai rahoto na biyu da aka ciro daga binciken, wanda ya fito a watan Oktoba na 2019, a kan addini a makarantun gwamnati. Ya nuna cewa kashi 53 na ɗalibai suna ganin 'yan uwansu sanye da tufafi ko kayan ado masu alamar addini, kashi 39 suna ganin ana addu'a kafin wasanni, kashi 8 kuma sun ce malami ya taɓa jan ajinsu addu'a duk da cewa Kotun Ƙoli ta hana hakan tun 1962. Rahoto ne mai daɗin karatu, sai dai ya fi amfani ga mai nazarin dokokin Amurka fiye da mai neman sanin halin ibada.

Babban giɓin shafin yana bayyana ne da zarar mai karatu ya tambayi yadda abin yake a da, da yadda ya koma daga baya. Binciken 2019 ya nuna halin da ake ciki a makonni kaɗan na shekara guda, kuma an yi shi ne kafin annobar korona ta rufe wuraren ibada a 2020. Cibiyar ta nuna tana iya bin matasa shekara bayan shekara idan ta ga dama, domin ta tambaye su game da wayar hannu da shafukan sada zumunta a 2022 da 2023 da 2024, inda a waɗannan shekaru kusan rabinsu suka ce kusan koyaushe suna kan intanet. Addini bai samu irin wannan maimaitawa ba. Saboda haka wanda ya ce Pew ta nuna zuwan 'yan shekara 13 zuwa 17 wurin ibada ya ragu ko ya ƙaru ya ɗora wa rahoton abin da bai faɗa ba. Mai neman dogon layi na shekaru sai ya fita daga shafin ya nufi binciken Monitoring the Future na Jami'ar Mishigan, wanda ke tambayar ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare kowace shekara tun 1975, ya kuma ƙara da ƙananan azuzuwa a 1991. Daga irin waɗannan bayanai ne masaniyar halayyar ɗan Adam Jean Twenge da abokan aikinta suka nuna a 2015 cewa kason ɗaliban ajin ƙarshe da ba sa zuwa wurin ibada sam ya ninka tsakanin shekarun 1970 da farkon shekarun 2010. Haka nan mai son jin muryar yaran da kansu, ba alƙaluma kaɗai ba, zai fi samun biyan buƙata a binciken da masanin zamantakewa Christian Smith ya jagoranta daga 2002, wanda ya haɗa tambayoyi ta waya da doguwar hira ido da ido, ya kuma sake komawa ga yaran bayan sun girma.

Duk da haka, akwai hanyar da mai haƙuri zai iya cike wani ɓangare na giɓin daga cikin shafin kansa, ta amfani da babban binciken addinin manya da cibiyar ta gudanar sau uku. A 2007 kashi 78 na manyan Amurka sun ce su Kiristoci ne, a 2014 kashi 71, a zagayen 2023 zuwa 2024 kuma, wanda aka tambayi mutum 36,908 aka fitar da sakamakonsa a watan Fabrairu na 2025, kashi 62. Waɗanda ba su da addini sun tashi daga kashi 16 zuwa 23 zuwa 29. Wannan bincike yana da nasa sashe a shafin inda mutum zai zaɓi jiha ko babban birni ko rukunin shekaru ko ɗariƙa ya ga alƙaluman nan take, kuma shi ne sashen da ya fi kowanne sauƙin amfani. A cikinsa, 'yan shekara 18 zuwa 24 kashi 46 ne suka ce su Kiristoci ne, kashi 25 suna zuwa wurin ibada aƙalla sau ɗaya a wata, kashi 27 suna addu'a kullum, alhali a tsakanin 'yan shekara 74 zuwa sama alƙaluman su ne 80 da 49 da 58.

Idan aka lura, yaron da ke da shekara 13 zuwa 17 a farkon 2019 ya kai shekara 17 zuwa 22 a lokacin wannan bincike na baya, wato mafi yawan tsararsa suna cikin rukunin 18 zuwa 24. Idan aka ajiye alƙaluman biyu kusa da juna, zuwa wurin ibada ya sauko daga 44 zuwa 25, amma addu'ar kullum tana nan a 27 ba ta motsa ba. Wannan kwatanci nawa ne, ba na cibiyar ba, kuma yana da rauni da dole a faɗa: ba mutane ɗaya aka tambaya ba, hanyar zaɓo su ta bambanta, kuma annoba ta shiga tsakani. Amma ya dace da abin da yaran suka faɗa da bakinsu a 2019, cewa kusan rabin masu zuwa iyaye ne ke kai su. Abin da aka yi don iyaye shi ne ya fi saurin zubewa bayan an bar gida zuwa jami'a ko wurin aiki, abin da mutum ke yi shi kaɗai kuwa ya fi daɗewa tare da shi. Da a ce shafin yana da wuri guda da ya tattara rahoton matasa da alƙaluman sababbin manya ya bayyana yadda za a haɗa su da yadda ba za a haɗa ba, da ya sauƙaƙa wa mai karatu aikin da a yanzu sai ya yi ta tsalle tsakanin rahotanni.

A wajen gaskiya game da iyakar alƙaluma, cibiyar ta yi abin da ya kamata. Ta bayyana cewa binciken 2007 da na 2014 ta waya aka yi su, na baya kuma yawanci ta intanet da takarda, don haka ba za a kwatanta amsar zuwa wurin ibada kai tsaye ba, saboda mutum ya fi ƙara wa kansa ibada idan yana magana da wani fiye da idan yana cike takarda shi kaɗai. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1993 masu bincike uku, Hadaway da Marler da Chaves, sun kwatanta abin da mutane ke faɗa da ƙidayar waɗanda ke zama a majami'u a zahiri, suka samu cewa masu zuwa kowane mako sun kai kusan rabin kashi 40 ɗin da ƙuri'un jin ra'ayi suka daɗe suna nunawa. Ya dace mai karatu ya tuna da wannan idan ya ga kashi 44 na matasa, musamman da yake an isa ga yaran ne ta hannun iyayensu, kuma babu mai iya tabbatar da cewa kowane yaro ya amsa ba tare da tunanin mahaifinsa zai ga amsar ba.

Cibiyar ta kuma yi wani aiki da ya zama kariya ga masu karanta labarin farfaɗowar addini a tsakanin matasa. A wani gwaji da ta yi a 2022 da irin binciken intanet da kowa ke iya shiga don a ba shi ɗan tukuici, kashi 12 na 'yan ƙasa da shekara 30 sun ce suna da lasisin tuƙa jirgin yaƙi na ƙarƙashin ruwa mai amfani da nukiliya, abin da kusan babu wanda yake da shi. Manufar gwajin ita ce a nuna cewa a irin wannan bincike akwai masu danna amsa ba tare da karantawa ba, kuma sun fi yawa a cikin waɗanda ke kiran kansu matasa. Wannan darasi ya yi amfani a 2025, lokacin da ƙungiyar Bible Society ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman da kamfanin YouGov ya tattara ta irin wannan binciken intanet, waɗanda suka ce zuwan 'yan shekara 18 zuwa 24 coci duk wata a Ingila da Wales ya tashi daga kashi 4 a 2018 zuwa kashi 16 a 2024. Labarin ya bazu sosai, amma masana irin su David Voas sun ƙalubalance shi da cewa bai dace da ƙidayar manyan majami'un kansu ba, bai kuma dace da binciken da ake zaɓo mutane ta hanyar ƙuri'a ba. Game da Amurka, abin da rahoton 2025 na Pew ya faɗa ya fi wannan taka-tsantsan: raguwar Kiristanci ta lafa tun wajen 2019, amma tunda ƙananan manya ba su kai dattawa riƙo da addini ba, tana iya ci gaba nan gaba.

Mai karatu Musulmi zai ci karo da wani giɓi na daban. Musulmi kusan kashi 1 ne na al'ummar Amurka, saboda haka a cikin matasa 1,811 ba a samu adadin da za a yi magana a kansu su kaɗai ba, kuma haka abin yake ga Yahudawa da 'yan Hindu da mabiya Buddha, har ma da majami'un baƙar fata masu dogon tarihi. Rahoton ya faɗi hakan a fili, wanda ya fi a ƙirƙiro alƙalami daga mutum goma sha, amma sakamakon shi ne kusan duk abin da ya faɗa a kan ɗariƙu ya taƙaita ga Ibanjelika da Katolika da tsofaffin Furotesta da marasa addini. Binciken da cibiyar ta yi wa Musulmin Amurka a 2017, wanda ya ƙiyasta yawansu a miliyan 3.45, manya kaɗai ya tambaya. Ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi a gidan Musulunci sun daina kiran kansu Musulmi, masu shiga kuma sun kai kusan yawan masu fita, amma bai shiga batun abin da ke faruwa a shekarun samartaka ba.

Ita kanta tambayar da ake auna ibada da ita an yanka ta ne daidai jikin cocin Lahadi. Ana tambayar mutum sau nawa yake halartar taron ibada ban da ɗaurin aure da jana'iza, sai ya zaɓa tsakanin fiye da sau ɗaya a mako, sau ɗaya a mako, sau ɗaya ko biyu a wata, 'yan lokuta a shekara, da ƙyar, ko kuma sam. Yarinya Musulma da ba ta wasa da salloli biyar amma a gida take yin su za ta faɗa cikin masu zuwa da ƙyar, saurayin da ba ya tashi sai ranar Juma'a kuma zai faɗa cikin masu zuwa kowane mako, alhali duk wanda ya san addinin ya san wane ne ya fi riƙo a cikinsu. A binciken da ta keɓe wa Musulmi cibiyar tana tambayar salla daban, kuma ta amince cewa taron mako-mako ba shi ne ginshiƙi a addinan Asiya ba, amma alƙaluman da suka fi yawo a kafafen labarai su ne na wannan tambaya guda.

A wajen Amurka, abin da shafin ke da shi mafi kusa da batun shi ne rahoton 2018 da ya duba ƙasashe 106. Ya samu cewa a ƙasashe 46 'yan ƙasa da shekara 40 ba su kai manyansu ɗaukar addini da muhimmanci ba, a ƙasashe 58 babu wani bambanci na a-zo-a-gani, a Gana da Jojiya kaɗai ne ƙananan suka ɗara manya. Wajen zuwa wurin ibada kowane mako, ƙananan sun fi manya a Armeniya da Laberiya da Ruwanda. Rahoton yana da amfani wajen karya zaton cewa abin da ke faruwa a Amurka da Turai shi ne ke faruwa ko'ina, amma rukunin 18 zuwa 39 ya yi faɗi da yawa, domin ya haɗa ɗalibi da magidanci mai 'ya'ya, kuma babu ɗan ƙasa da shekara 18 ko ɗaya a ciki.

Sauran abubuwan da za a ambata ƙanana ne. Rahotannin da Turanci suke, in ban da 'yan kaɗan da ake fassarawa zuwa Sifaniyanci ko wasu harsuna, kuma sunayen ɗariƙun Kiristocin Amurka suna buƙatar mai karatu ya san tarihinsu kafin ya gane abin da zane yake nufi. Ainihin bayanan da ake saukewa suna zuwa ne a tsarin manhajojin ƙididdiga, don haka ɗalibin jami'a zai amfana da su fiye da malamin makarantar addini. Shafin yana buɗewa da kyau a waya, sai dai manyan jadawalai sun fi karantuwa a kwamfuta. Ya kuma kamata a yaba da shawarar da cibiyar ta sanar a 2023 cewa za ta rage amfani da laƙabin tsara irin wanda ake liƙa wa duk wanda aka haifa cikin wasu shekaru, sai inda take da bayanan da za ta kwatanta tsara da tsara a lokacin da suke shekaru ɗaya, domin a batun addini irin wannan laƙabi yana ɓoye bambanci tsakanin abin da samartaka ke haifarwa da abin da zamani ya sauya.

Ga ɗan jarida da ɗalibi da mai wa'azin da ke son ya ambaci halin matasan Amurka ba tare da ya yi ƙari ba, ina ba da shawarar shafin ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya ambaci shekarar binciken duk lokacin da ya ambaci alƙalami, ya kuma buɗe takardar tambayoyi kafin ya fassara wata amsa. Wanda ke neman yadda zuwan 'yan shekara 13 zuwa 17 wurin ibada ya sauya cikin shekaru arba'in ya fara da bayanan Jami'ar Mishigan, sannan ya zo Pew don fahimtar rawar da iyaye ke takawa. Wanda kuma tambayarsa ta shafi matasa Musulmi, a Amurka ko a wata ƙasa, zai samu tsarin tambayoyi mai kyau da zai iya ara, musamman tambayoyin nan biyu na da wa ake zuwa da kuma don me ake zuwa, amma alƙaluman da ke shafin ba a kan waɗannan matasa aka tattara su ba.